NA'URAR TALLAFA WA ZUCIYA: Cinikin Biliyoyin Daloli Da Lissafin Mutumin Muchalla

MUBI — A Mubi da garuruwan da ke kewaye da ita, da shanu ake auna dukiya, kuma da su ake fita kunya ranar da ciwo ya kwantar da wani a gida. Saboda haka bari mu fara lissafi da su. Idan aka yi wa kowane bijimi kuɗi naira miliyan ɗaya, sai mutum ya kora bijimai 300 zuwa kara kafin ya haɗa abin da ake kashewa a Amurka wajen dasa wa majinyaci guda ɗaya wata na'ura wadda ba ta kai girman dunƙulen hannu ba. Kuɗin jirgi da masauki da jinyar bayan aiki ba sa cikin wannan lissafi.

Na'urar da ake magana wani ɗan ƙaramin famfo ne na ƙarfe da ake liƙa wa zuciyar da ta gaza, domin ya karɓe ta aikin tura jini zuwa sassan jiki. Likitoci na kiranta LVAD a taƙaice. A ƙasashen da suka ci gaba ta ceci rayukan dubban mutanen da a da sai dai a sallame su su koma gida su jira kwanansu, kuma manyan kamfanoni sun zuba biliyoyin daloli wajen mallakar kasuwarta. Abin tambaya ga ɗan kasuwa da mai tsara kasafin kuɗi a nan shi ne, me wannan na'ura take nufi ga wuri irin Muchalla, wadda ke gindin duwatsun Mandara a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, dab da iyakar Kamaru, inda Fali da maƙwabtansu ke noman dawa da masara da gyaɗa da wake?

Yadda take aiki

Manomin fadama ba zai sha wahalar gane ta ba, domin tsarinta ɗaya da na injin ban-ruwa: baki ɗaya na zuƙa, ɗaya na fitarwa. Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, kuma ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai aikin ƙarfi, wato tura jini cikin babbar jijiya zuwa kai da ƙoda da hanta da ƙafafu. Idan naman wannan ɗaki ya saki, sai jini ya riƙa taruwa a baya. Ruwa ya cika huhu, ƙafafu da ciki su kumbura, numfashi ya yi wuya, har ta kai mutum ba ya iya kwanciya sai a jingine. Wannan shi ne abin da ake kira gazawar zuciya.

Likitan tiyata kan buɗe ƙirji, ya huda ƙasan wannan ɗaki, ya ɗinke bakin famfon a wurin, sa'an nan ya haɗa mesar fitarwa da babbar jijiya. Ba a cire zuciyar. Tana nan tana ɗan abin da za ta iya. Irin na'urar da aka fi amfani da ita, HeartMate 3, nauyinta kimanin giram 200 ne, kuma farfelar da ke cikinta tana shawagi ne a tsakiyar maganaɗisu ba tare da ta taɓa komai ba, tana juyi fiye da sau 5,000 a minti ɗaya. Tana iya tura jini har lita 10 a minti. Da yake gudun jinin ba ya yankewa, sau da yawa idan aka taɓa wuyan hannun mai ɗauke da irin waɗannan na'urori ba a jin bugun jijiya, alhali ga shi zaune yana hira.

Sai dai famfo ba ya juyi sai da wuta. Akwai wata igiyar lantarki da ke fitowa ta fatar ciki zuwa wani ɗan akwatin sarrafawa da ake ɗaurawa a ƙugu, shi kuma yana haɗe da batura biyu da majinyaci ke ratayawa duk inda za shi. Cajinsu kan kai awa 17 idan sun cika. Da dare a kan jona akwatin da wutar gida. Idan aka cire duka, batirin ko-ta-kwana da ke cikin akwatin minti 15 kawai yake bayarwa. Masu karatu su riƙe waɗannan alƙaluma biyu, za mu komo kansu.

Akwai kuma na'urori na ɗan lokaci da ake amfani da su a ɗakin masu jinya ta gaggawa. Daga ciki akwai balan-balan da ake zurawa cikin babbar jijiya, wadda Dokta Adrian Kantrowitz ya fara amfani da ita a 1967, da Impella, wani siririn famfo da ake shigarwa ta jijiyar cinya, da kuma injin da ke fitar da jini waje ya ba shi iska ya mayar. Waɗannan na kwanaki ne ko 'yan makonni, kafin zuciya ta farfaɗo ko a yanke shawarar abin yi.

Daga ɗakin gwaji zuwa kasuwar hannun jari

A 1966 ne Dokta Michael DeBakey na birnin Houston ya yi nasarar riƙe wata mata mai shekara 37 da famfon wucin-gadi na kwana goma bayan tiyata, ta kuma tashi. Shekara guda bayan haka, a watan Disamba na 1967, Dokta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu. Tun daga lokacin aka gane cewa masu bukatar zuciya za su riƙa fin zukatan da ake samu yawa, kuma wannan giɓi shi ne ya haifar da kasuwar. A watan Disamba na 1982 aka cire zuciyar wani likitan haƙori mai suna Barney Clark a Jami'ar Utah, aka maye gurbinta da ta roba da ƙarfe mai suna Jarvik-7. Ya yi kwana 112 a haɗe da injin iska mai girman firji kafin ya rasu.

Abin da ya buɗe bakin jakar kamfanonin inshora shi ne binciken da aka buga a 2001 mai suna REMATCH. An raba majinyatan da ba su cancanci dashe ba gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa famfo suna raye, a yayin da kashi 25 ne kawai suka rage a cikin masu shan magani kaɗai. Kuɗin asibiti na dasa kowace na'ura a wannan bincike ya kai kimanin dala 210,000. Daga nan fasahar ta yi ta ƙanƙancewa tana ƙara inganci. Tsohon Mataimakin Shugaban Amurka Dick Cheney ya ɗauki irin wannan famfo daga 2010 har zuwa 2012 da aka yi masa dashen zuciya. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na masu HeartMate 3 sun haura shekara biyar da ita.

Masu jari ba su yi barci ba. A 2015 kamfanin St. Jude Medical ya saye Thoratec, mai ƙera HeartMate, a kan dala biliyan uku da ɗoriya. A 2017 shi ma Abbott ya haɗiye St. Jude a kan kimanin dala biliyan 25. Medtronic ya saye abokin hamayyarsu HeartWare a 2016 a kan dala biliyan 1.1, amma a watan Yuni na 2021 ya dakatar da sayar da famfon, saboda yawan shanyewar ɓarin jiki da aka gani ga masu ɗauke da shi, da kuma matsalar ƙin tashi bayan ya tsaya. A ƙarshen 2022 Johnson & Johnson ya biya dala biliyan 16.6 ya mallaki Abiomed, mai ƙera Impella. Shi kuwa kamfanin Carmat na Faransa, wanda ya shafe shekaru yana ƙera cikakkiyar zuciyar wucin-gadi, kuɗi suka yanke masa a 2025 har ya kai kansa gaban kotun kasuwanci.

Abin lura ga mai nazarin tattalin arziki shi ne, janyewar Medtronic ta bar kamfani ɗaya tal riƙe da akasarin kasuwar famfon dindindin a Amurka da Turai. Inda mai sayarwa ɗaya ne, kuma mai saye ba shi da zaɓi sai kabari, babu wani dalilin da zai sa farashi ya sauko. Wanda ke jiran na'urar ta yi araha kamar yadda wayar salula ta yi, ya tuna cewa ana sayar da waya biliyoyi, ita kuwa wannan 'yan dubbai ake dasawa a shekara.

Su wa ke ciwon a nan?

A Turai da Amurka, mai gazawar zuciya yawanci dattijo ne da ya haura saba'in, wanda kitse ya toshe masa jijiyoyin zuciya. A nahiyarmu lamarin ya sha bamban. Wani bincike da aka buga a 2012 kan majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya gano matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadin kusan rabin cutar. Bayansa akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya, da kuma sakin naman zuciya. Wani binciken na 2017 ya nuna cewa a Afirka kashi 34 cikin ɗari na masu gazawar zuciya kan rasu cikin shekara guda, adadin da ya fi na kowane yanki da aka duba. Wato cutar na ɗauke mutum ne a lokacin da yake riƙe da gona da shago da 'ya'ya a makaranta.

Akwai kuma wani nau'i da Arewacin Nijeriya ya yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya ta masu jego. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, sai bayan 'yan makonni ta fara haki da kumburi. Tun a shekarun 1970 Dokta Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka bi diddigin mata fiye da 200 masu wannan larura, suka kuma ɗora alhakin a kan wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya samu mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 102 a asibiti.

An daɗe ana tafiya a kan bayanin Zariya, har Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka buga a 2020, wanda ya tattara mata 406 daga asibitoci 22. Akasarinsu daga Arewa maso Yamma suke. Abin da ya fito fili shi ne rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin masu juna biyu. Wankan jego da kunun kanwa kuwa ba a same su da laifin da aka daɗe ana ɗora musu ba. Kafin haka an riga an gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata a Yamai da Kano. A taƙaice dai, cutar ta fi kama da ta talauci fiye da ta al'ada. A cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin cikar shekara biyu, kuma wajen ɗaya cikin biyar ɗin ce zuciyarta ta koma daidai.

Waɗannan alƙaluma na Kano da Sakkwato da Zariya ne, kuma al'adun jego na Fali ba lallai su zo ɗaya da na Hausawa ba. Amma rama da ƙarancin awon ciki da nisan asibiti ba su san yare ba. A nan ne kuma abin takaicin yake: idan akwai majinyacin da famfon zuciya ya fi dacewa da shi, to, mai jego ce 'yar shekara ashirin da biyar, wadda sauran jikinta lafiya lau, wadda kuma zuciyarta ke iya farfaɗowa idan aka sauke mata nauyi na wani lokaci. A ƙasashen waje an sha riƙe irinsu da na'ura har su warke a cire. Ita ce ta fi bukata, ita ce kuma ta fi kowa nisa da kuɗin.

Lissafin Muchalla

A ce dala tana kan naira 1,500, kamar yadda ta kai a 2024 bayan da gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023. Dala 200,000 ta zama naira miliyan 300. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sai ya yi shekara 357 yana tarawa bai sayi ko gishiri ba. A Indiya aikin ya fi sauƙi, amma na'urar daga Amurka take zuwa kuma da dala ake sayenta. Ga shi kuwa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye.

To, a ce wani attajiri ko wata gidauniya ta biya. An yi aiki, an yi nasara, majinyaciya ta sauka a Yola, ta kama hanyar kimanin kilomita 200 zuwa Mubi, daga nan ta hau zuwa Muchalla. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abu na farko wuta. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi sun kayar da turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Adamawa da maƙwabtanta suka yi makonni cikin duhu ko ƙarancin wuta. A watan Oktoba na shekarar kuma akasarin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu lantarki. Ga mai shago wannan asarar ciniki ce. Ga mai batura na awa 17 da ko-ta-kwana na minti 15, magana ce ta rai. Dole sai an kafa mata wutar sola da batura masu ƙarfi, da janareta a bayansu, da mai a cikinsa kullum.

Na biyu, jini kan daskare a jikin ƙarfe, saboda haka za ta riƙa shan maganin tsinka jini muddin na'urar na jikinta. Idan ya yi kaɗan, gudan jini ya toshe famfo ko ya haura kai ya shanye mata ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, jini ya ɓalle a hanji ko a ƙwaƙwalwa. Sai da gwajin jini a kai a kai ake daidaita shi. Na uku, ramin da igiyar ke fitowa ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Ana wanke shi da kayan da aka tsabtace, ba a barin ruwa ko ƙura su shiga, a ƙasar da hunturu ke cika ɗaki da ƙura, bazara kuma ta jiƙa mutum da gumi. Na huɗu, ranar da akwatin ya yi ƙara da tsakar dare, ana bukatar likita da injiniyan da suka san na'urar, a kusa. Mutanen Mubi kuma ba su manta da watan Oktoba na 2014 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka fantsama cikin duwatsu da Kamaru da ƙafa. Mai jone da soket ba ya gudun hijira.

Ke nan abin da kamfanin ke sayarwa guntu ne na wani babban tsari, sauran kuwa ƙasa ce ke samar da shi. Nijeriya ta fara tiyatar buɗe zuciya tun 1 ga Fabrairu 1974 a Asibitin Koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, amma aikin ya yi ta tsayawa yana tashi saboda rashin kuɗi da kayan aiki, kuma dashen zuciya bai zama aikin yau da kullum a asibitocinmu ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ta fi shekara ashirin ba ta kusanci wannan adadi ba.

Inda riba da amfani suka haɗu

A ra'ayin wannan marubuci, jihar da ta samu naira miliyan 300 ta kashe wa ciwon zuciya, ta kuma zuba su a ƙirjin mutum ɗaya, ta yi mugun ciniki. Na'urar awon hawan jini ba ta kai kuɗin buhun masara biyu ba. Magungunan hawan jini da na rage ruwa a jiki sun daɗe da fita daga hannun kamfanonin da suka ƙirƙiro su, kowa na iya sarrafa su da araha. Allurar fenisilin ta wata-wata na hana ƙofofin zuciyar yaro ƙarasa lalacewa. Na'urar hoton zuciya, wadda a da sai an turo ta a kan taya, yanzu akwai ta hannu da ake haɗawa da waya, kuma da ita ake gane zuciyar mai jego ta fara saki tun kafin huhu ya cika da ruwa. Da kuɗin famfo ɗaya ana iya wadata dukan asibitocin sha-ka-tafi na Mubi ta Arewa da ta Kudu da Maiha da Michika da waɗannan kayayyaki, har a horar da ma'aikata.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofa ga manyan na'urori. Ya kamata a ce manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Maiduguri da na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, sun fara da na'urorin ɗan lokaci, waɗanda ke zaune a asibiti ƙarƙashin wuta ɗaya da ma'aikata ɗaya, majinyata da dama na amfana da injin guda. A nan ne kuɗin jama'a zai fi yin auki, musamman ga masu jego da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙofofin zuciya. Famfon dindindin kuwa sai tiyatar zuciya ta zauna da gindinta.

'Yan kasuwa na da gurbi a wannan tsari, kuma ba sadaka ake nema gare su ba. Mubi cibiya ce da ke jawo masu saye daga Kamaru da Chadi, kuma wanda ya zo cin kasuwa ya kan biya asibiti. Ɗakin gwajin jini da hoton zuciya mai wutar sola, da kantin magani mai amana wanda ba ya yankewa, da kwangilar kafa wa asibitoci sola da kula da ita, duk sana'o'i ne da jarinsu bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya ko ƙungiyar 'yan kasuwa ba. A watan Yuni na 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu kan umarnin janye harajin kwastan da na kayan masarufi a kan injuna da sinadaran da masu sarrafa magunguna da kayan asibiti na cikin gida ke shigowa da su, abin da ya rage wa mai niyyar kafa masana'anta nauyi.

Saura inshora. Babu ƙasar da mutum ɗaya ke biyan kuɗin famfon zuciya daga aljihunsa a matsayin ƙa'ida. A Amurka ma asusun gwamnati na tsofaffi da kamfanonin inshora ne ke biya, wato miliyoyin masu lafiya ke ɗauke wa 'yan dubban marasa lafiya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Nijeriya, kuma Jihar Adamawa na da tata hukumar. Amma manomi da dillalin shanu da mai tireda ba su da takardar albashin da za a cire wa kaso. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na dillalai, waɗanda tuni suke karɓar kuɗin ƙungiya duk ranar kasuwa kuma suka san kowane memba da gidansa, su ne ke da rajista da amanar da hukumar ke bukata domin shigar da mutane rukuni-rukuni, tare da matansu.